Kofin World Series da tsofaffin faya-fayan rok: ina gaskiyar dattijon take?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Amurka. Dattijon da nake haya a gidansa ba shi da hira sai ta abu biyu, wasan besbol da tsofaffin faya-fayan kiɗan rok da ya cika ɗaki guda da su, har ya sa ni ma na fara sha'awa. Ya ce ƙungiyar da ta ci World Series ba lalle ita ce mafi ƙarfi a shekarar ba. Ya kuma ce faifan da aka buga a 1969 ya fi wanda aka sake bugawa bana daɗin ji. Gaskiya ne, ko son zamaninsa ne kawai? In zan fara tarawa, ta ina zan soma?

Amsa: Ƙanena, a maganar besbol dattijon nan bai ƙara gishiri ba ko kaɗan. A maganar faifai kuwa gaskiya ya faɗa amma bai ƙarasa ta ba, kuma a wajen da ya bari ne sabon mai tarawa yake zubar da kuɗinsa. Na daɗe ina bin abubuwan nan biyu, sai ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30, ɗaya daga ciki a Toronto ta Kanada. An raba su gida biyu, National League da aka kafa a 1876 da American League da ta zama babbar gasa a 1901. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Ba don son wahala suke yin haka ba. Besbol wasa ne da sa'a take da babban rabo a cikin kowace rana guda. Mai duka zai iya maka wa ƙwallo sanda da dukkan ƙarfinsa ta tafi kai tsaye hannun mai tsaron fili, wani kuma ya ɗan goge ta kawai ta faɗi inda babu kowa. Gwanin gwanaye a duka, cikin zuwa goma sau uku yake dacewa. Ga kuma maganar mai jifa: ba mutum ɗaya ne yake buɗe wasa kullum ba, yawanci mutum biyar ne suke karɓa-karɓa, saboda hannu yana bukatar hutun kwana huɗu. Ke nan ƙungiyar da ka gani ranar Litinin ba ita ce ta ranar Talata ba. Shi ya sa ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi galibi wasa shida take ci cikin goma, mai rauni kuma takan ci kusan huɗu. Ratar ƙarama ce, ba ta bayyana sai an yi watanni shida ana gwabzawa.

To, sai a zo watan Oktoba a ajiye duk wannan lissafin a gefe. World Series karawa ce tsakanin zakarun gidajen biyu, wanda ya fara cin wasa huɗu ya ɗauki kofi. In kana kallon ƙwallon ƙafa za ka gane bambancin nan take: a Ingila wanda ya fi maki a ƙarshen lig shi ne zakara, kofin sili-ɗaya-ƙwale kuma dabam yake da nasa matsayin. A besbol na Amurka lig ɗin gaba ɗaya tikitin shiga ne kawai, zakara a sili-ɗaya-ƙwale ake fitar da shi. A irin wannan gajeriyar karawa, ƙungiyar da take da masu jifa biyu ko uku masu zafi tana iya kayar da wadda ta fi ta nisa, domin mai jifa na biyar da 'yan benci, waɗanda su ne suka riƙe babbar ƙungiya a tsawon bazara, ba a cika bukatarsu ba.

Tarihi cike yake da shaida. A 1906 Chicago Cubs ta ci wasa 116, aka cinye ta 36 kawai, amma maƙwabciyarta White Sox, wadda aka sani da raunin duka, ta ɗauke kofin. A 1954 Cleveland ta ci 111, New York Giants ta share ta wasa huɗu a jere. A 2001 Seattle Mariners ta sake kai wa 116, New York Yankees ta tsayar da ita tun kafin ta isa World Series. Atlanta Braves ta zo ta ɗaya a rukuninta sau 14 a jere tsakanin 1991 da 2005, da masu jifa irin su Greg Maddux da Tom Glavine da John Smoltz, amma kofi ɗaya ta samu, na 1995. A ɗaya gefen kuma St. Louis Cardinals ta 2006 wasa 83 kacal ta ci, da ƙyar ta wuce rabi, ita ta ɗaga kofin. Misalin da na fi so shi ne na 1960. A wasanni bakwai Yankees ta tara maki 55, Pittsburgh Pirates ta tara 27. Yankees ta ci nata ukun da 16 da 3, da 10 da nema, da 12 da nema. Pirates ta ci nata huɗun da ƙyar, na ƙarshe 10 da 9, lokacin da Bill Mazeroski ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga a zango na tara (wasan besbol zango tara ne, sai an yi kunnen doki ake ƙarawa). Babu mai hankalin da zai ce Pirates ta fi Yankees ƙarfi a shekarar, kuma babu mai cewa ba ta cancanci kofinta ba.

Abin da yake damun dattijon, kuma ni ma yana damuna, shi ne yadda ake ta faɗaɗa ƙofa. Daga fara World Series a 1903 har zuwa 1968, ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a kowane gida ita take zarcewa World Series, babu wani zagaye a tsakani. A 1969 aka koma ƙungiyoyi huɗu, a 1995 takwas, a 2012 goma, daga 2022 kuma 12 cikin 30. Dalilin a fili yake: kowane ƙarin zagaye kuɗin talabijin ne, kuma birane da yawa suna ci gaba da sa rai har Satumba, filaye suna cika. Amma ka duba 2023. Braves ta ci 104, Orioles 101, Dodgers 100, dukkansu aka yi waje da su a karawarsu ta farko. Waɗanda suka isa ƙarshe su ne Texas Rangers mai 90 da Arizona mai 84. Ni a ganina 12 ya yi yawa. Idan cin wasa 84 ya isa ya kai ka wasan ƙarshe, mai ƙungiya ba shi da dalilin kashe kuɗi don ya gina mai cin 100, kuma mai kallon da ya bi wasa tun Afrilu an rage masa darajar watanninsa shida. Takwas ya wadatar. Na san dai ƙofar nan ce ta shigo da Boston ta 2004, wadda Yankees ta ci ta uku a jere ta farfaɗo ta ci huɗu, sannan ta ɗauki kofin da ta shekara 86 tana nema. Ita ce kuma ta shigo da Washington ta 2019. Ba zan so a ce waɗannan ba su faru ba. Amma shekarun da na fi girmamawa su ne waɗanda mafi ƙarfi ya tabbatar da ƙarfinsa har ƙarshe: Yankees ta 1998 mai 114, Cubs ta 2016 mai 103, Boston ta 2018 mai 108.

Kada wannan ya sa ka raina World Series. Ka dai san abin da take aunawa. Tana auna wanda zai iya tsayawa a ranar da babu gobe. Besbol ba ya ƙarewa da busa don lokaci ya cika. Agogon da aka shigo da shi a 2023 na tsakanin jifa da jifa ne, don a rage jan ƙafa. Wasan kansa ba ya ƙarewa sai ka fitar da abokan karawarka sau 27, ba ka da damar riƙe ƙwallo kana jiran lokaci ya tafi. Dole ka jefa wa mutumin da kake tsoro. A wasa na bakwai na 1991, Jack Morris na Minnesota ya yi jifa zango goma shi kaɗai ba a ci shi ko maki ɗaya ba, aka tashi 1 da nema. A 2014 Madison Bumgarner na San Francisco, bayan hutun kwana biyu kawai, ya shigo ya rufe zango biyar na ƙarshe. A 2016 Cubs, wadda rabonta da kofi tun 1908, ta bari Cleveland ta farke a zango na takwas, ruwan sama ya tsayar da wasa minti 17, suka dawo suka ci 8 da 7 a zango na goma. A 2025 Yoshinobu Yamamoto na Dodgers ya buɗe wasa na shida a Toronto, washegari ya sake shigowa ya ƙarasa na bakwai. Irin wannan ne yake sa mutum ya kasa barci. Kuma shi ya sa abin ya yi mini zafi a 2020, da kocin Tampa Bay ya cire Blake Snell a zango na shida bayan jifa 73 kacal alhali Dodgers sun kasa taɓa shi, don lissafin kwamfuta ya ce masu duka sukan gane mai jifa a zuwansu na uku. Nan take aka farke, kofin ya tafi. Lissafin gaskiya ne in an auna shi a wasa ɗari, amma a daren nan ido yana ganin abin da takarda ba ta gani ba.

Akwai tabo da ya kamata ka sani. A 1919 wasu 'yan wasan White Sox sun karɓi kuɗin 'yan caca don su bari a ci su, aka haramta wa mutum takwas wasan har abada. A 2017 Houston Astros ta yi amfani da kyamara tana satar alamun da mai cafewa, wanda yake tsugune bayan mai duka, yake yi wa mai jifa, ana buga garwar shara don a sanar da mai duka irin jifan da yake tafe. A 2020 aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan 5, aka dakatar da koci da manaja, amma aka bar mata kofin, ba a kuma hukunta ɗan wasa ko ɗaya ba. Har yau ban yarda da wannan hukuncin ba. Babban tabon kuwa ya fi waɗannan daɗewa: duk kofunan da aka ci kafin Jackie Robinson ya saka rigar Brooklyn Dodgers a 1947, an ci su ne a gasar da ta hana baƙar fata shiga. Shahararren mai duka Babe Ruth bai taɓa fuskantar Satchel Paige, gwanin jifa baƙar fata, a gasar ba. Sai a 2020 MLB ta amince cewa gasannin baƙar fata na 1920 zuwa 1948 manyan gasa ne, da aka haɗa alƙalumansu a 2024 kuma sai ga ɗan wasansu Josh Gibson a saman kowa wajen dacewar duka a tarihi. Wannan yana da alaƙa da kiɗan da kake tambaya a kai, domin rok ɗin da samarin Ingila suka mamaye duniya da shi, a wajen Muddy Waters da Chuck Berry da Little Richard da Sister Rosetta Tharpe suka koyo shi. Duk wanda yake tara rok bai da faifan kamfanin Chess na Chicago ko ɗaya, ya fara ginin daga tsakiya.

Ba abin mamaki ba ne ka ga abubuwan biyu sun haɗu a zuciyar mutum ɗaya mai shekarunsa. A filin besbol na Shea a New York ne Beatles suka yi wasa gaban mutum fiye da 55,000 a Agustan 1965, a filin Giants na Candlestick a San Francisco kuma suka yi wasansu na ƙarshe na sayar da tikiti a 1966. Kuma ka ji amfanin mai ajiya: wasan nan na bakwai na 1960 an ɗauka hotonsa ya ɓace, don gidajen talabijin na lokacin ba sa ajiyewa. Sai a 2009 aka tsinci cikakken fim ɗinsa a ɗakin ajiya na gidan mawaƙi Bing Crosby, wanda yake da hannun jari a Pirates. Ya kasa zama ya kalla don fargaba, ya tafi Faris, ya sa aka ɗaukar masa.

Yanzu faifai. Don ka gane maganar bugun farko, sai ka san yadda ake yin sa. Mawaƙa suna ɗaukar kiɗa a tef na asali. Daga tef ɗin wani injiniya yake yanka sautin a kan faifai mai laushi, yana yanke shawarar ƙarfin sauti da kaurinsa. Daga nan a yi hatimin ƙarfe, da shi ake danna narkakkiyar roba a fitar da dubban faya-fayai. A kowane mataki ana iya yin asara. Tef yana tsufa. Sau da yawa ƙasar da aka ɗauki kiɗan ita take riƙe tef na asali, sauran ƙasashe a aika musu kwafi, shi ya sa masu tarawa suke neman bugun Ingila ga mawaƙan Ingila, bugun Amurka ga na Amurka. Hatimin ƙarfe ma yana cinyewa. Wani lokaci kuma tef ɗin ya tafi gaba ɗaya: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a Kalifoniya a 2008 ta ci tef na asali masu yawa. Don haka idan dattijon ya ce tsohon ya fi, yana da hujja.

Mafi shaharar misali shi ne kundin Led Zeppelin II na ƙungiyar Led Zeppelin, na 1969. Injiniya Robert Ludwig ya yanka bugun farko na Amurka da ƙarfi sosai, ganga da kaurin sauti suna fitowa kamar a gabanka ake yi. Sai aka ga allurar ƙananan garmaho masu araha tana tsalle a kansa, kamfanin Atlantic ya sa aka sake yankawa da sauti mai sanyi. Kwali ɗaya ne, takardar tsakiya iri ɗaya ce, amma sauti ba ɗaya ba. Ta ina ake ganewa? A filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. In ka karkata faifan a haske za ka ga lambobi da haruffa da aka zana da hannu ko aka buga. A wancan bugun za ka ga RL, kuma mai kyau shi ne wanda yake da su a fuska biyun. Koyon karanta wannan ɗan filin shi ne rabin ilimin tara faifai. Wanda bai iya ba, kwali yake saye.

Beatles kuma nasu labarin ya fi sarƙaƙiya. A Ingila Parlophone take fitar da su, a Amurka Capitol, kuma kafin 1967 Capitol takan rage waƙoƙi daga 14 zuwa 11 ko 12, ta tara ragowar ta haɗa wani kundi, wani lokaci ta ƙara amsa-kuwwa ko ta ƙirƙiri sitiriyon jabu (sauti mai hanya biyu, dama da hagu) daga mono (sauti mai hanya ɗaya). Ka ga a nan tsohon bugun Amurka ba shi ne abin da mawaƙan suka yi ba. Sannan a yawancin shekarun 1960 mono ne suke zama su haɗa da kansu, sitiriyo kuwa sau da yawa daga baya ake yin sa cikin gaggawa, har ka ji murya a lasifika ɗaya kayan kiɗa a ɗayar. Wanda ya saurari kundinsu Sgt. Pepper a mono ya san ya fi haɗuwa da nauyi. A 2014 an sake fitar da kundayen Beatles na mono, an yanka su kai tsaye daga tef na asali a situdiyon Abbey Road na Landan, kuma ni dai ban ji wani tsohon bugu da ya sha hannu da ya kama ƙafarsu ba.

Nan ne rabin da dattijon bai faɗa ba. Tsohon faifai ya yi shekara hamsin a hannun mutane. An kunna shi da allura mai dakushi, an ajiye shi a ɗaki mai danshi, an zuba masa abin sha a wajen biki. Lalacewar da dakusasshiyar allura take yi ba ta ganuwa da ido, faifan yana ƙyalli amma murya tana karcewa, musamman a waƙoƙin da suke kusa da tsakiya. Sannan ba kowane tsohon bugu ne aka yi da kirki ba. Lokacin tsadar man fetur na 1973 da 1974 kamfanoni sun riƙa rage kaurin faifai, wasu suna narka tsofaffi su sake amfani da robar. Sabon bugu ma ba tabbas: wasu daga fayil ɗin kwamfuta aka kwafo su ba tare da kula ba, aka sa musu roba mai launi da kwali mai sheƙi. Nauyin giram 180 da ake rubutawa a jiki ba ya ƙara wa sauti komai in yankan bai yi kyau ba. Akwai kuma abin da ya faru a 2022 da ya kamata ya sa kowa ya sassauta murya. Kamfanin Mobile Fidelity, wanda masu kunne suke biyan kuɗi mai yawa don sun yi imani faya-fayansa daga tef zalla suke, ya amsa cewa ya daɗe yana bi ta kwafin dijital kafin yanka. Shekaru ana yabon faya-fayan, babu wanda kunnensa ya kama. Laifin kamfanin shi ne ɓoyewa, amma abin ya nuna hannun mai yanka ya fi muhimmanci a kan duk wata aƙida ta tef ko kwamfuta.

Ka kuma raba tsada da daɗin ji, don abu biyu ne dabam. Kundin Beatles na 1966 mai suna Yesterday and Today ya fito da hoton su sanye da fararen riguna da yankakken nama da guntayen 'yar tsana, mutane suka yi ƙorafi, aka janye shi aka liƙa wani hoto a kai. Wanda ba a liƙa wa komai ba yana da tsada ƙwarai, amma kiɗan ciki bai fi na sauran ba. Kwafin farin kundinsu mai lamba 0000001, na makaɗin gangarsu Ringo Starr, an sayar da shi dala 790,000 a 2015. Wannan cinikin kayan tarihi ne, ba na sauraro ba. Inda tsada take kuma nan 'yan jabu suke: kundin Introducing the Beatles na kamfanin Vee-Jay yana cikin faya-fayan da aka fi yi wa jabu, ɗalibi ba shi da abin yi a wannan kasuwar. Shawarata ka zama mai tarawa don kunne. Tun da faifai ya dawo kasuwa, har a 2022 aka sayar da miliyan 41 a Amurka ya wuce CD a karon farko tun 1987, 'yan kasuwa sun shigo suna sayen abin da ba za su taɓa buɗewa ba. Faifan da aka rufe a leda ana jiran farashi ya tashi, ni tausayinsa nake ji.

Ta ina za ka soma? Ba da faifai ba, da abin kunna shi. Ƙananan garmahon nan masu kama da jaka, allurarsu tana danna faifai da nauyin da ya ninka na kirki sau biyu ko fiye, na kirki kuwa wajen giram biyu ne. Tsohon garmaho na Technics ko Pioneer ko Dual da aka sa wa sabuwar allura ya fi su nesa. Bayan haka ka nemi kundayen da aka buga miliyoyi, domin suna ko'ina kuma ba su da tsada: Rumours na Fleetwood Mac, Who's Next na The Who, Abraxas na Santana, kundayen Creedence Clearwater Revival. A kansu za ka koyi bambance bugu da bugu ba tare da asara ba. Ka riƙa leƙa shagunan gwanjo da gwanjon kayan gida da ake yi a unguwanni ranar Asabar, nan ake tsintar dami a kala. Shafin Discogs zai nuna maka kowane bugu da lambobinsa da farashin da aka saba saye. Masu sayarwa suna auna lafiyar faifai da ma'auni: NM kusan sabo, VG+ mai ɗan alamar hannu amma yana kunnuwa lafiya, VG mai ƙara a bayan kiɗa. Ka tsaya a VG+ zuwa sama, kuma ka sani VG+ ɗin wani VG ne a wajen wani. In a shago ne, ka fitar da faifan ka duba shi a haske mai ƙarfi. Karcen da farcenka ya ji, kunnenka ma zai ji. Ka duba bakin ramin tsakiya, yawan ƙananan zane a wurin yana nuna an kunna shi ba adadi. Ka sunsuna kwalin, warin fumfuna ba ya fita. Saye ta intanet ba tare da hoton filin lambobin ba cinikin biri a sama ne.

Wani abu da zai ba ka sha'awa: a Legas Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, ya ɗauki yawancin kundin Band on the Run a 1973, a situdiyon EMI. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya zauna a can ya kafa nasa situdiyon, ya kuma yi aiki da Fela. A shekarun nan samarin Nijeriya irin su Ofege da BLO da Funkees sun yi nasu rok ɗin, kuma faya-fayansu na asali yanzu Turawa da Japanawa suna nemansu da kuɗi mai kauri. In ka ga tsofaffin faya-fayai a ɗakin wani kawunka, kada ka bari a zubar.

In kana da niyyar komawa gida da abin da ka tara, ka yi shiri tun yanzu. Faifai a tsaye ake ajiye shi, ba a jibge ba, cikin rigar ciki mai laushi. Zafi ne babban maƙiyinsa: awa kaɗan a cikin mota a rana ya isa ya lanƙwasa shi, ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ma haka, ƙurar hunturu kuma tana shiga layukan ta zauna, sai da buroshi kafin kowane kunnawa. Faifai ɗari da kwalayensu sun kusa cika nauyin akwati guda na jirgi, don haka ka zaɓa da kyau. Sai wutar lantarki. Ta Amurka 120 ce mai bugawa 60 a daƙiƙa, tamu 220 zuwa 230 ce mai bugawa 50. Taransifoma zai gyara maka ƙarfin wutar amma ba zai gyara bugawar ba, kuma yawancin tsofaffin garmaho da bugawar wuta injinsu yake auna gudu. Wanda aka yi don Amurka, in ka kunna shi a Kano ko Zinder, maimakon juyi 33 da sulusi a minti zai yi wajen 28, kiɗan ya ja, murya ta yi kauri. A kan janareto kuwa gudun hawa da sauka zai riƙa yi. Ka sayi irin wanda yake riƙe gudunsa da kansa ta hanyar kwatz, kamar Technics SL-1200 daga samfurin 1979 zuwa gaba, ka duba bayansa ko yana karɓar wuta iri biyu, in ba ya karɓa ka haɗa shi da taransifoma mai kyau da sitabilaiza.